Yadda Ake Kai Laimar Kwaɗi Ƙauye Hutun Salla

Kai ɗalibi mai renon laimar kwaɗi a cikin ruwa, matso kusa. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin yauƙin da ko kuɓewa ba ta kai shi ba. Azrin ɗan unguwarmu ne ya fara gwadawa, ga shi nan da ransa.

1. San abin da kake reno. Laimar nonon damisa ce, wadda kakanninmu ke tonowa a daji don maganin tari. Yanzu a kwalba ake kiwonta, a ba ta sukari, ita kuma ta saki yauƙin da ake haɗa magani da shi. Sharaɗinta ɗaya: a yi ta girgiza ta, in ta tsaya ta shaƙe. Kwalaben Azrin duk sun ruɓe sai ɗaya, digirinsa kaf yana cikinta.

2. Kada ka bar ta a makaranta. Da hutun Salla ana kashe wutar ɗakin bincike. Naɗe ta a zani, ka rungume ta a bas har ƙauyenku a jihar Kelantan.

3. Nemo mai girgizawa. Ba gidan da ba shi da lilon jarirai, zanin nan da ake ratayewa inji na jijjiga shi. Azrin ya ari na 'yar yayarsa, ya kwantar da kwalbar.

4. Ciyar da ita a ɓoye. Rufe ƙofa da taga, don iska na kawo ƙwayoyin cuta. Kunna 'yar wuta, ɗura mata ruwan sukari, hana kowa leƙawa. Ilimi ba ya son 'yan kallo.

5. Taƙaita bayani. Goggo Rohani ta leƙa ɗakin Azrin ta tsagar bango, ta baza labari. To, wa ake ajiyewa a kwalba, a yi masa lilo, a ba shi zaƙi? Toyol mana, aljanin yaron nan da ake aika sata. Kafin a sauke tukunyar rendang, naman Sallarmu, an tuno duk kazar da ta ɓata bana.

Kawu Ghazali ya ja Azrin gefe. “Ɗana, tsakaninka da Allah, abin nan yana da rai?”

“Sosai, Kawu. Girma ma yake yi.”

Haka masani ke amsawa.

6. Tafi Idi hankali kwance. Azrin ya dawo ya tarar jaririya na barcinta a lilo. Ashe tun da sassafe Kawu ya shiga kwalekwale da addu'o'i a baki, ya kai kwalbar tsakiyar teku ya jefar. Azrin ya zauna a matakala ya yi kuka wiwi, abin tausayi. Goggo ta dafa shi ta ce ya yi haƙuri, rabuwa da irin wannan dama sai da hawaye. Girgiza kam, har yau kwalbar tana samu.

Gargaɗi: Yauƙi na yi alkawari, ban ce a hannunka zai ƙare ba. Wanda dangi suka tsarkake masa digiri ya nemi kawunsa, ba ruwana. Azrin na maimaita shekara, mutanen ƙauye kuwa sun rantse tun ranar ko ƙwai bai sake ɓata ba.