Notin da Na Murza da Hannu

Shekara ashirin ina jan akori-kura a Gumel, ina bugun ƙirji cewa kunnena ya fi na bakanike sanin ciwon mota. Wata Laraba na ji tayar baya tana ƙara. Na sa jak na ɗaga, na girgiza ta, sai ga ta tana rawa.

Alhaji Sale, wanda nake kai wa raguna kasuwar Maigatari duk Alhamis, ya ce, "Malam, ba a kira Ado bakanike ba?"

Na ce, "Alhaji, boris ɗin da tayar ke juyawa a kai ne ya cinye. Kafin la'asar na gama."

Da na zo cire tayar, sai notocin suka kwance da yatsa kawai. Har na yi murmushi, wai mota ta san maigidanta. Na zaro shaf, ƙarfen da ke juya tayar, na baje komai a tabarma, mayarwa ta gagare ni. Alhamis ragunan Alhaji suka wuni a turke, kasuwa ta ci ba su.

Ado ya zo Juma'a. Ya juya boris, lafiya lau. Ya ce, "Wa ya ɗaura tayar nan?"

Ni ne, a Gagarawa Tasha, bayan faci. Na murza notocin da hannu, aka tayar da salla, ban koma na ɗaure su da sifana ba.

Alhaji yana amsa gaisuwata har yau, amma ragunansa motar wani suke hawa. A tasha kuwa, ko agogo nake ɗaurawa sai wani ya ce, "Injiniya, a kawo sifana?"