Gidan da Na Bari Fanko a Ordinater

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon hatsi ba, shekarar da damina ta yaudare mu a Tahoua. Ni da na shiga lakkwal ta manya, ajin yaƙi da jahilci, da ɗa goye a baya, sai ga ni zaune gaban na'urar ordinater a biro, wato ofishin wani purje na agaji, ina neman sunayen mabuƙata. (Har tafiyata ta canja, Allah ya yafe mini.)

Malam Idi, wanda ya koya mana na'urar, ya gargaɗe ni tun farko. Gida biyu ne na cikewa a allon, na gari da na suna. In ka cika na gari, duk takardar da ba ta garin ba, na'ura ba ta ko duban sunan, tsallakewa take yi. In ka bar shi fanko ba za ta ƙi ba, amma sai ta karanta jihar kaf, ɗaya bayan ɗaya. Na ce na ji. Ban ji ba.

Da azahar wata tsohuwa ta iso gabana, ƙafafunta duk faso, buhunta naɗe a hammata. Na rubuta sunanta, na bar gidan gari fanko. So nake layin nan ya ga abin da na iya.

"Ɗiyata, ni daga..."

"Inna, ki yi kurum, na'ura na aiki."

Ta yi kurum. Na'ura ta yi ta gurnani. A waje ana loda sauran buhunan a kamyon, babbar motar da za ta kai su Takanamat, kuma ba wanda ake auna wa hatsi sai da takarda daga hannuna. Ina zufa, ina harar allo kamar zai ji tsorona. Sai kuran na lantarki ya ɗauke. Kafin ya dawo, kamyon ya tashi, sito ya koma wayam.

Malam Idi ya shigo. "Wane gari kika sa mata?"

Tsohuwar ce ta amsa, ba faɗa a muryarta: "Bambeye, Malam. Na so in hwaɗi, ta ce ƙarhen na aiki."

Ya cika gidan, kafin in haɗiye miyau sunanta ya fito, da jikoki huɗu a ƙasansa.

Na auna mata tiya biyu daga rumbuna. Ta karɓa, ta sa mini albarka, abin da ya fi mari zafi. Tun ranar, ko barka da rana mutum ya zo yi mini, sai na fara tambayarsa garinsu.