Rasuwar Bettie, Hitar Karafan ɗin Magrieta Beukes

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da ba ta ga dalilin ɓoye shi ba, Magrieta Beukes ta layin bayan coci a garin Calvinia take sanar da 'yan'uwa, da abokan zango, da duk wanda ya taɓa bin layi da tawul a kafaɗa a bayan karafan ɗinta, rasuwar hitarta ta ruwan wanka, wadda aka fi sani da Bettie. Marigayiyar ta cika a tsakiyar ɗarin watan Yuli, lokacin da sanyin ƙasar nan ta kudu yake daskarar da ruwa, a inda ta saba kwana, wato ƙarƙashin gadon karafan, tana da shekara ashirin da shida a duniya. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Magrieta ta ce a rubuta wannan tun daga sama, domin akwai masu yawo da zancen tsufa a bakinsu kwanan nan.

Marigayi Barend, mijin Magrieta, mai gyaran famfon iska a gonakin tumaki, shi ya kawo Bettie gidan. Ya sayo tsohon karafan, ɗakin kwanan nan mai taya da ake ɗaura wa mota a baya, ya ce ba zai kai matarsa bakin teku ta dinga wanka da ruwan buta ba. Yini biyu ya yi a kwance da sifana kafin ya zaunar da hitar a cikinsa. Ya raɗa mata sunan gwaggonsa, wadda ba ta taɓa hana kowa alheri ba, amma sai ta gama mita take yi.

Duk wanda ya san marigayiya ya san muryarta. Idan aka murɗa mata gas aka danna maɓalli, sai ta ce "tak, tak, tak," ta yi shiru kamar tana shawara, sannan ta ce "buf!" har labule ya motsa. Daga nan sai gunaguni, "gurrr, gurrr," na minti ashirin cur. Wanda ya yi haƙuri ya sami ruwan da zai sa shi waƙa. Wanda ya yi gaggawa ya fito yana karkarwa, kuma ba a taɓa jin Bettie ta ba shi haƙuri ba.

Ta kasance mai wadatar zuci. Ba ta taɓa roƙon wutar lantarki a wurin kowa ba, saboda haka ba ta taɓa tilasta wa masu ita su yi zango a filin da ake jera karafan kamar motocin tasha, kowa da igiyarsa a jikin turken wuta. Inda hanya ta ƙare, nan take kwana. Ta sha ruwan burtsatse mai gishiri da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sa baki. Ta wanke jikoki biyar daga yashi, ta wanke masunta daga ƙarnin kifi, ta wanke wani fasto da ya zame cikin taɓo, kuma ba ta taɓa fitar da sirrin kowa ba.

Babban aikinta kuwa, Magrieta ce kaɗai ta gani. Shekara tara da suka wuce, da ciwo ya cinye Barend har likita ya ce a mayar da shi gida, sai ya ce shi teku yake son gani. Magrieta, wadda a lokacin ba ta taɓa jan karafan ko zuwa bakin titi ba, ta ɗaura shi a bayan a-kori-kura ta ja su yini guda har Hondeklipbaai da ke bakin teku. Kwana goma sha ɗaya suka yi. Kowace safiya Bettie tana ɗumama ruwa, Magrieta tana goge wa mijinta jiki da tsumma, shi kuma yana kallon igiyar ruwa ta taga yana cewa ruwan ya yi daidai. Tun daga lokacin ba shekarar da ta tsallake ba ta koma wurin ba, ita kaɗai, a watan Agusta idan furanni sun rufe hanya.

Game da jinyar ƙarshe ta Bettie, iyalin sun so a taƙaita. Magrieta ta ƙi.

Kowa a Calvinia ya san cewa idan Mayu ya kama, ana zubar wa hita da ruwa. A buɗe makunnin ƙasa mai zubar da ruwan tanki, a bar kowane famfo a wangale, a bar shi haka har sanyi ya wuce, domin ruwan da ya kwana a tanki yana daskarewa, kuma idan ya daskare sai ya tsaga ƙarfe. Sau ashirin da shida aka yi wa Bettie haka. Amma wata safiyar Talata, Magrieta ta fito ba kaji hatsi sai ta hangi ƙanƙara tana reto a ƙarƙashin karafan kamar gemun bunsuru. Ta aika aka kira Klaas Witbooi, mai gyaran kayan gas, tsohon abokin mijinta. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ta tafi, Magrieta," ya ce. "Cikinta ya tsage daga sama har ƙasa. Cike take da ruwa, makunnin ƙasa kuma a rufe gam. Ke da kika koya wa rabin garin nan zubar da ruwa?"

"Na zubar, Klaas."

"To," in ji shi, yana kaɗe gwiwa, bai kalle ta ba.

Wannan "to" ɗin ya zauna mata a ƙirji kwana huɗu. Ta tuna ranar da ta buɗe makunnin, ta tuna har ruwan ya jiƙa mata silifa, amma sai ta fara tambayar kanta ko na bara take tunawa. Mahaifiyarta da haka ta fara, da manta tukunya a wuta, ta ƙare ba ta san sunan 'ya'yanta ba. Magrieta ta ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta fara jan karafan a kan gangara. Ta ɗauki makullin mota ta ajiye a cikin kwanon sukari don kada ta dinga ganin sa. Idan har ta manta da Bettie, ta san ba ta da bakin cewa a bar ta ta hau titi.

Ranar Asabar ɗanta Elroy ya iso daga Bellville, can wajen Cape Town, da wani kwali a hannu. Yaron kirki ne, malamin lissafi, furfura har ta fara masa. Ya sha shayi, ya yi gyaran murya sau biyu, sannan ya buɗe kwalin. Sabuwar hita ce fara tas, mai aiki da lantarki kawai.

"Mama, ba gas, ba ashana, ba abin da za a manta," ya ce. "A jona ta a bango, shi ke nan. Mu kai karafan bayan gidana, akwai soket a jikin gareji. Ki zauna kusa da jikokinki."

"Teku fa?"

"Za mu kai ki a Disamba. Mama, mu gaya wa juna gaskiya. Ba yau abin ya fara ba. Da na zo a Yuni na shiga karafan ɗin nan, duk famfunan a buɗe na same su, har da wani can ƙasa. Ni na bi su ɗaya bayan ɗaya na rufe, na cika tanki, na kunna har ruwa ya hau. Ban gaya miki ba don kada ki ji kunya."

Magrieta ta ajiye kofinta a hankali.

"Sake faɗa, ɗan nan. Kunnena bai tsufa ba, amma ina so in ji daɗinsa sau biyu."

Ya sake faɗa, amma tun bai kai ƙarshe ba ya sha jinin jikinsa.

"Elroy, a garin nan na haife ka ko a cikin teku? Shekara talatin a Cape Town ta sa ka manta ruwa yana daskarewa? Kai ka kashe ta! Ka ɗura mata ruwa ka toshe ta, ka bar ta a ɗarin Yuli, sannan ka sa ni kwana huɗu ina lissafa sunayen jikokina da yatsa in ga ko da wanda ya ɓace!"

Sai ta kwashe da dariya har ta dafa tebur, dariyar kuma ta juye kuka, domin ba ƙaramin abu aka mayar mata ba. Elroy ya rufe fuska da hannu. A gaskiya ba a taɓa koya masa ba, yana yaro kullum Mayu yana makarantar kwana, kafin a kawo Bettie kuma ya bar garin. Ya roƙi gafara, ta yafe, kuma ta ce a rubuta a nan cewa ta yafe, amma a rubuta har da abin da aka yafe.

Duk da haka bai janye ba. Ya ce laifin nasa ne, ya yarda, amma shekarunta saba'in da biyu suna nan, hanyar tana nan da tsakuwarta, kuma can inda take zango waya ba ta kamawa. Magrieta ta san tsoro ne yake magana da bakinsa, kuma ta ji tausayinsa. Sai dai ta kalli igiyar farar hitar nan, ta auna ta da ido, ba ta fi kamu shida ba. Ta ce masa ya mayar da ita inda ya sayo ta, domin ita ba za a ɗaure ta a jikin gareji da igiya kamu shida ba.

Marigayiya ta rasu ta bar tulun gas guda biyu, waɗanda suka shayar da ita tsawon rayuwarta. Ta bar ƙaramin famfon tura ruwa, wanda har yanzu bai gane abin da ya faru ba, da kan shawa mai toshewar ido uku, da tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku da suka yi maƙwabtaka a ƙarƙashin gado ba tare da an taɓa jin kansu ba. Ta bar a-kori-kura, tsararta, wadda likitoci suka tabbatar tana da sauran kwana. Ta kuma bar Magrieta.

An riga an zaɓi magajiya. Klaas ya kawo mata takardu masu hotuna kala-kala, har da wata mai shan dizal da ke kuka kamar jirgi, da wata mai haɗa gas da lantarki wadda ya ce ita ce ta zamani. Magrieta ta yi masa tambaya ɗaya a kan kowace: idan ba turken wuta, za ta yi aiki? Ta tsayar da wata 'yar siririya mai gas zalla, wadda take ɗumama ruwa yana wucewa, ba jira.

"Ita ma fa sai an zubar mata da ruwa a Mayu," in ji Klaas.

"Wa ya koya maka?" ta ce.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe a harabar gidan. Elroy ne zai ɗauko gawar shi kaɗai daga ƙarƙashin gado zuwa motar Klaas, kuma ana roƙon jama'a kada kowa ya kama masa. Bayan haka zai durƙusa a nuna masa makunnin ƙasa, a gaban shaidu. Za a sha shayi da gurasar gashi da man tumaki. Kada a kawo furanni, domin mai makokin za ta je ta gan su a inda suke tsirowa.

Ba za a yi zaman makoki a gida ba. Litinin da sassafe Magrieta za ta ciro makulli daga kwanon sukari, ta ɗaura karafan da hannunta, ta kama hanyar Hondeklipbaai, inda za ta karɓi gaisuwa har mako uku. Mai son yin ta'aziyya ya bi kwalta har ta ƙare, ya bi tsakuwa har ita ma ta ƙare, zai ga karafan ɗaya yana fuskantar teku. Ya zo da tawul ɗinsa. Masu shirin tambayar abin da Elroy ya tambaya a bakin ƙofa, wato idan wani abu ya same ta a can fa, an hutar da su, ga amsar da ta ba shi:

"Abin da zai same ni, ɗana, ya san hanyar Bellville kamar yadda ya san ta Hondeklipbaai. In ya tashi zuwa, ya sha tsakuwa ya same ni a can, na yi wankana da ruwan zafi, ina kallon teku."