Ranar da na kunna jiniya a Kantin Kwari

Ko zan manta komai, ba zan taɓa manta ranar da na tayar da layi guda a Kantin Kwari da yatsa ɗaya ba.

Lokacin ina ɗokin koyon haɗa na'urori, na sayo wani ɗan allon lantarki a Sabon Gari, mai ƙafafu a jere, kowace da lambarta. Na yi wa kawuna, Alhaji Sabo, alkawarin zai riƙa kunna fitilar shagonsa na atamfa da wayarsa, har da jiniyar korar ɓarayi. A gidanmu na Fagge aka fara ce mini Injiniya (ni ma ban hana ba).

Na jona fitila a ƙafa ta huɗu, jiniya a ta biyu, na rubuta wa na'urar umarni haka. Ban gwada ba, don a ganina gwaji na masu shakka ne.

Ranar Asabar kasuwa ta cika maƙil, Alhaji ya kira maƙwabtan shago su ga fasahar ɗan ƙanwarsa. Na gyara hula, na danna wurin fitila. Sai jiniya ta tsage da ihu. Wani ya ce gobara, wani ya ce ɓarawo. 'Yan dako suka watsar da kaya, aka hau rufe shaguna, wata Hajiya ta fice ba takalmi. Na danna wurin jiniya don in kashe ta, sai fitila ta kama. Ina dannawa, fitila na ƙiftawa kamar gidan biki, jiniya kuwa ko a jikinta.

Alhaji ne ya miƙa hannu ya zare soket. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, fitilar dai ta yi kyau."

Shago-shago ya bi yana ba da haƙuri, ina biye da shi kaina a ƙasa.

Washegari na kai allon wurin Emeka, abokina da muke koyon abin tare. Sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce lambar da ke jikin allon daban, wadda ƙwaƙwalwarsa ta sani daban. A irin wannan allon, huɗu da biyu musanye suke, kuma umarnin da na rubuta bai san kashe jiniya ba.

Yanzu kafin kowa ya ga aikina, sai na kulle ɗaki na gwada kowace ƙafa da ɗan ƙwan fitila. Abu mai murya kuwa, shi nake jonawa a ƙarshe, kuma ba ranar Asabar ba.