Ranar da Na Kori Magen Hajiya

Da makero ya ɓulla a kawunan jikokina uku, ban tsaya tambayar kowa ba. Na san shi sarai: zobe mai ɓawo, gefensa tudu, gashin wurin na zubewa. Na kuma taɓa ji a rediyo cewa dabbobin gida na yaɗa shi. Nan take na yanke hukunci cewa magen matata Hajiya ce mai laifi.

Hajiya ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah! Dubi gashinta, sumul."

Na ce ba a jayayya da ilimi. Na jefa magen a buhu, na hau mashin har Dosara na sake ta, na dawo ina ba maƙwabta labari.

Ranar Juma'a wanzami yana yi mini aski a ƙofar gida, dattawa na zaune. Yana kaiwa ƙeya sai ya ɗaga aska. "Malam, wanga zobe ai ya tsuhwa! Shi ya haifi na yara." Sai na tuna kullum nakan kifa musu hulata da wasa.

Mu huɗu aka jera a asibiti a Maradun, aka ba mu ƙwayoyi da man shafawa, Hajiya ta tafasa hulunana kaf. Magen kuwa na neme ta har na gaji.

Har yau in ɓera ya ratsa ɗaki, Hajiya ba ta ko motsi. Sai ta ce, "Malam, tashi ka kama. Kai ka kori mai aikin."