Safiyar da Na Watsa Taron Suna da Lasifika Huɗu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Rabah ba za su bar ni ba. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na sauka a tasha sai in ga masu shayi suna taɓa juna suna kallona.

Ni malamin firamare ne a Wurno, kuma tun ina yaro aka san ni da rashin zama wuri ɗaya. Innata takan ce ƙaiƙayi gare ni a tafin hannu. Na yi kiwon tantabaru, suka koma gidan maƙwabci suka tare. Na koyi ɗinki na wata biyu, na ɗinka wa kaina wando mai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Duk tukunyar da na ɗora, kafin ta tafasa na sauke na ɗora wata. Don haka ranar da na shigo gida da wani tsohon akwatin kiɗa a bayan mashin, matata ko ɗaga kai ba ta yi ba, cewa kawai ta yi, "Allah shi sa wanga shi kai sati."

Akwatin na kawuna ne, ƙanin innata. Ya yi wa wani Bature tuƙi lokacin da ake gina madatsar ruwa ta Goronyo, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa shi. Kawu bai taɓa kunna shi ba. Ya tura shi ɗakin ajiyar albasa, can ya yi shekara arba'in, har Allah ya yi wa Kawu rasuwa aka zo rabon kaya kowa ya kauce masa. Ni na ce a ba ni. Akwai garmaho mai juya faifai, akwai wani ƙarfe mai nauyi kamar dutsen niƙa da maɓallai reras a gabansa, sannan lasifika har guda huɗu.

Huɗun nan su suka hana ni sukuni. Na ɗauki hoto na shiga bincike a waya, na faɗa cikin wani zaure na tsofaffin Turawa da ba su da aiki sai gardama a kan allurar garmaho. A nan na gane abin da na gada. Kwadirafonik suke ce masa, ni dai na raɗa masa "mai baki huɗu". Ana ajiye lasifika biyu a gabanka, biyu a bayanka, kai ka zauna a tsakiya, sai sauti ya riƙa zagaye ka kamar kana cikin wurin da abin ke faruwa. Wani tsoho a zauren ya rubuto mini cewa na tsinci dami a kala. (To, ba haka ya faɗa ba, amma haka na fassara wa kaina, kuma daga ranar hulata ta daina shiga kaina.)

Matsalar ita ce ɓeraye sun riga ni sanin darajar kayan, sun cinye cikin lasifika biyu. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Achida. Ya juya su, ya busa ƙura, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Malam, wanga abu ya girme ka. Mi kaka so da baki huɗu? Kai kunne nawa gare ka?"

"Biyu, Baba."

"To sauran biyun na wa na?"

Duk da haka ban fasa ba. Wata uku ina zarya tsakanin Wurno da Achida, yau waya ta tsinke, gobe allura ta ƙi hawa, jibi abu ya yi hayaƙi. A aji ina koyar da lissafi, hankalina yana kan wace waya ce ta bayan hagu. Cikin faya-fayai uku da na samu, biyu zafi ya lanƙwasa su kamar gurasa. Wanda ya tsira faifan gwaji ne, irin wanda masu sayar da kayan ke kunna wa mai saye. Ba waƙa a ciki. Akwai ruwan sama, akwai kukan tsuntsaye, akwai jirgin ƙasa, sai na ƙarshe, tseren babura. Ranar da lasifika huɗun suka yi magana tare a ɗakina, na ji babur ya taso daga bayana ta hagu, ya wuce ta dama, ya zagayo gabana, sai da na duƙar da kai. Hawaye na yi, wallahi, ni kaɗai a kan tabarma.

Duk wannan bidiri matata tana da tsohon ciki, har ta tafi gidansu a Rabah don haihuwar fari. Mahaifinta, wanda muke kira Baba Alhaji, manomin albasa ne, mutum mai tsadar magana. Tunda na auri 'yarsa ban taɓa jin ya yabi wani abu da na yi ba. Bai zage ni ba, bai kuma yabe ni ba, gaisuwa ce kawai da "Allah shi yi albarka" a taƙaice. Sai labari ya iso mini cewa ya tambaye ta, "Mijin naki har yanzu shina nan ga wasan wayoyi?" Maganar nan ta soke ni. Na yi kwana uku ina juya ta. Na ƙudurta cewa sai tsohon nan ya ji abin da na haɗa da kunnensa, ya faɗa da bakinsa cewa na yi abin kirki.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu namiji. Ana gobe suna na isa Rabah da kayana a cikin motar kasuwa, an ɗaure su tare da buhunan gero. Da na shiga ganin mai jego ta hango lasifika ta taga, ta dafe kai.

"Don girman Allah ka bar abin ga cikin kwali. Mi za ka sa musu?"

"Abin mamaki na. Ke dai ki saurara."

Da na faɗa mata gaskiya a lokacin, da ta cece ni. Amma mai son ya burge ba ya shawara.

Kowa ya san uban ɗan fari ɓuya yake yi ranar suna, ya laɓe can baya cikin abokai don kunya, balle a ƙofar gidan surukai. Ni kuwa tun da aka sallame asuba nake kai da kawo da waya a wuya. Lasifika biyu na ajiye a gefen zaure inda kowa zai gani. Biyun baya kuma, don mamakin ya cika, na ɓoye su: ɗaya a kan reshen darbejiya na rufe da buhu, ɗaya a bayan katangar maƙwabci, daidai bakin hanyar da ta fito daga daji. (Ku riƙe wannan, bakin hanyar daji. Ni da digirina na zaɓi wurin.) Janareta na kai shi nesa don kada ƙararsa ta ɓata mini aiki.

Mutane suka cika tabarmi, aka raba goro, liman ya yi addu'a aka raɗa suna. Cikin baƙin akwai dangin matata da yawa daga ƙauyukan bayan Rara, waɗanda 'yan bindiga suka tasa, suka dawo Rabah suna zaune a gidajen 'yan'uwa. Na san da haka sarai. Na gaisa da su ɗaya bayan ɗaya, har jaje na yi musu.

Ana shafa fatiha na miƙe, na ce jama'a su ɗan dakata akwai abin da zan nuna musu. Na hango Baba Alhaji ya sunkuyar da kai. Na so in fara da ruwan sama, sai zuciyata ta ce ai ruwa ba ya zagaye sosai, sa musu wanda ya fi nuna gwaninta. Na ɗora allura a kan na ƙarshe, na murɗa maɓallin ƙara har ya tsaya, na ruga na zauna a tsakiyar fili, na rufe ido kamar yadda tsofaffin zauren suka koya mini.

Babur na farko ya taso daga bayan katanga. Na biyu ya biyo shi. Kafin ka ce kwabo sun kai ashirin, suna ruri, suna zagaye mu daga hanyar daji zuwa darbejiya zuwa zaure, wasu salansarsu na fashewa tau, tau, tau. Bai taɓa yin daɗi irin na ranar ba! Na ji hayaniya da salati a kusa da ni, na ce a raina ai dole, mamaki ne ya kama su. Idona a rufe, ina murmushi, ina juya yatsa a sama ina cewa, "Kun ji? Kun ji ya koma baya? Ga shi nan ta dama!"

Da na buɗe ido, ni kaɗai ne a filin. Tabarmi sun yamutse, goro ya watse a ƙasa, takalma sun fi hamsin ba masu su. Na hango liman, mutumin da sai an riƙe shi yake hawa mashin, yana kan katanga ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje. Wanzami ya shige ƙarƙashin amalanke da zabirarsa. Ragon suna da ba a kai ga yankawa ba ya tsinke igiya ya bi jama'a. Daga cikin gida mata na kururuwa suna kiran sunayen 'ya'yansu.

Sai na juya wajen zaure. Baba Alhaji bai gudu ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, ya tare ta da jikinsa, riƙe da gatarin da aka faskara itacen girki da shi. Tsoho mai shekara saba'in, hularsa ta faɗi, leɓɓansa na motsi da kalmar shahada. 'Yarsa da jikansa na kwana bakwai suna bayansa, shi kuma yana jiran babura ashirin da gatari ɗaya.

A nan ne kawai na ji abin da kowa ya ji. Na saurari faifan nan ya fi sau talatin, ban taɓa jin baburan 'yan bindiga a cikinsa ba, ni rabuwar sauti nake ji, hagu da dama, gaba da baya. Na tashi da gudu, waya ta harɗe ni na faɗi, na ƙarasa da rarrafe na fizge allurar. Wurin ya yi tsit. Na so ƙasa ta tsage in shige.

An fi awa guda ana tattaro mutane. Wasu sai a gonakin albasa aka same su. Wata gwaggon matata ta sunkuci jaririn ta shige rumbu da shi, ta ƙi fitowa sai da ta ji muryar Baba Alhaji da kansa. Da ta fito ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi tana haki ta ce, "Ɗana, haka sunka zo muna. Haka ɗin ga." Da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina durƙusawa ina ba da haƙuri, ina miƙa wa kowa takalminsa, wani ma na ba shi na wani.

Da rana ta yi, an kamo rago an yanka, har an fara dariyar abin, Baba Alhaji ya aika a kira ni zaure. Na shiga na iske shi da wasu dattawa biyu, na tsuguna nesa da shi, kaina a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai kah haɗa shi da hannunka?"

"Ni na, Baba. A gahwarce ni."

"Ya yi kama da gaske," in ji shi a hankali. "Wallahi ya yi kama. Ban taɓa jin abin da yay yi kama da gaske haka ba. Ka iya aikinka, Malam."

Yabon da na daɗe ina nema ke nan, na same shi cif, a gaban shaidu biyu, kuma ban taɓa jin abin da ya ƙona ni kamarsa ba. Na fito ina share ido da hannun riga.

Yaron nan sunansa na yanka yana nan a takarda, amma duk dangin uwarsa Shagudu suke kiransa, kuma ya fara tambayata dalili. Ina ce masa ya bari ya ƙara girma.

Ban daina sha'awar mai baki huɗu ba, kada ku ɗauka na shiryu gaba ɗaya. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka kunna wa mutane abu, ka fara tambayar abin da kunnensu ya taɓa ji. Yanzu ko kukan tsuntsaye zan sa, sai na leƙa gidan maƙwabta na sanar da su cewa ni ne.