Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar da Ilimi Ya Cinye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Garzali Ɗan Bala mai sayar da aya a kasuwar Gazawa, nake sanar da dangi da abokan arziki rasuwar wayata 'Yar Baƙa. Ta rasu ranar Laraba da hantsi, a tsakar gidanmu, ɗauke da dukan aikin ƙanena Muzammil na gama jami'a.

Marigayiya mai haƙuri ce. Shekaru muna tare, aikinta kira da amsawa, sai haska mini hanyar masallaci. In an kira ni ta ce tirin-tirin a hankali, kamar mai jin kunya. Caji ɗaya na kai ta kasuwa biyu. Ba ta taɓa shiga lakol ba, wato makarantar boko, kamar ni, kuma ba mu taɓa jin mun rasa wani abu ba.

Ciwonta ya fara ne da Muzammil ya zo vakans, wato hutun makaranta, daga Maradi. Shi ne na farko da ya kai jami'a a gidanmu, kuma yana rubuta memwar, wato babban littafin da sai an kai shi ake ba mutum takardar gamawa. Nasa a kan ajiyar wake ne. Tasa wayar ta lalace, ya ari tawa. Ya sa mata wani abu da suke kira I-A, wai basirar na'ura, kana tambaya tana ba ka amsa. Na ce to, alheri ne.

Ashe ba a gama tambayar. Abokan karatunsa biyu, Nasira da Balarabe, suka ji labari, suka zo. Kullum suna kan tudun bayan rumbu inda rezo, wato sabis ɗin waya, yake kamawa, suna miƙa wayar hannu zuwa hannu. Abin ya ba su sunayen littattafai, malaminsu ya nema ya ce rabi ba a taɓa rubuta su ba a duniya. Suka koma suna tambayar abin dalilin da ya yi musu ƙarya. Ya ba su haƙuri, ya kawo wasu. Ni kuwa masu sayen aya na nemana, ba su samu.

Daga nan zazzaɓi ya kama ta. Jikinta ya yi zafi har ba ta riƙuwa, tana ta kuka tit, tit. Don ta huce, Muzammil ya ɗora ta kan murfin randa. Murfin ya karkace. Muka ji culum.

Suka tambayi abin nan a wayar maƙwabci, ya ce a binne ta cikin shinkafa. Gidanmu babu shinkafa, sai suka tura ta cikin ƙwaryar gero. Mutum uku masu karatun jami'a, babu wanda ya tuna ya gaya wa mahaifiyarmu Inna Mero. Da safe Inna ta juye geron a turmi, ta ɗaga taɓarya. Maganar marigayiya ta ƙarshe ita ce ƙaras.

Ban ga laifin Inna ba. Har yanzu tana tsintar gilashi a cikin geron tana ba ni haƙuri.

Ta bar caja ɗaya mai lanƙwasasshen wuya, da riga ta roba, da layina wanda ya fito da rai. Memwar bai fito ba. Muzammil bai kwafe ko shafi ɗaya a wani wuri ba, ga komawa Maradi ta matso.

Za a binne ta gobe bayan la'asar, a tudun da ta sha wahala. Jibi zan ɗauki Muzammil a bayan babur, da biro da takarda, mu bi ƙauyuka ya tambayi masu wake da bakinsa. Ana karɓar gaisuwa a zauren gidanmu. Masu zuwa, don Allah kowa ya bar wayarsa a gida. Tun jiya na ga yaron yana kallon aljihun mutane.